Shin ƙungiyar Girl Guides tana koya wa 'yan mata shugabanci, ko fareti ne kawai?

"Assalamu alaikum, Malama. 'Yata mai shekara 12, wadda take aji ɗaya na ƙaramar sakandare, ta dawo gida da takarda tana neman izinin shiga ƙungiyar sikawut ta 'yan mata, wato Girl Guides. Malamarsu ta ce a nan yara suke koyon shugabanci. Mahaifinta ya ce shi bai ga komai a ciki ba sai fareti da kashe kuɗin yunifom, kuma abin Turawa ne, yana tsoron kada idonta ya buɗe ta fitsare. Ni kuma damuwata ita ce yarinyar tana da kunya ƙwarai, ko a aji ba ta ɗaga hannu. Da gaske ne irin wannan ƙungiya tana sa yarinya ta iya shugabanci, ko dai magana ce kawai?" Wata uwa daga Zariya.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Tambayar da kika yi ita ce wadda iyaye suka yi ta yi mini a tsawon shekarun da na riƙe reshen Girl Guides a makarantun sakandare na 'yan mata, kafin in ajiye aikin koyarwa. Idan na fahimce ki, kina son sanin ko a bayan yunifom da usur da fareti akwai wani abu da zai sa yarinya ta iya jan ragamar 'yan'uwanta, sannan ko za ta same shi ba tare da ta zubar da tarbiyyar gida ba. Amsata ita ce akwai shi, amma ba a kowace makaranta ake samunsa ba. Mahaifinta ma bai yi kuskure gaba ɗaya ba, domin na ga rassa da dama waɗanda ba abin da ya rage musu sai faretin ranar yara ta 27 ga Mayu da na ranar 1 ga Oktoba, daga nan a ninke yunifom a sa a akwati sai baɗi.

Inda abin ya samo asali

Wani hafsan sojan Ingila mai suna Robert Baden-Powell ne ya fara harkar sikawut. A shekarar 1907 ya tara yara maza kimanin 20 a tsibirin Brownsea, ya kasa su ƙananan rukunoni, ya ɗora wa kowane rukuni shugaba daga cikin yaran kansu, domin ya ga ko za su iya tafiyar da al'amuransu ba tare da babba ya tsaya a kansu ba. Gwajin ya yi kyau, abin ya bazu cikin sauri, amma da farko ba a yi tunanin mata ba sam. Sai a 1909, a wani babban gangami da aka yi a Crystal Palace da ke Landan, wasu 'yan mata suka bayyana sanye da kayan sikawut ba tare da an gayyace su ba, suka ce su ma sai an yi da su. Wannan ne ya sa aka kafa ƙungiyar Girl Guides a 1910, aka damƙa ta a hannun ƙanwarsa Agnes. A Amurka kuwa wata mata mai suna Juliette Gordon Low ce ta kafa tasu a garin Savannah a 1912, da yara 18. A 1928 aka kafa uwar ƙungiya ta duniya, wadda a yau take da rassa a ƙasashe kimanin 150 da mambobi wajen miliyan 10.

A Najeriya harkar ta fara ne a 1919, kuma daga cikin matan da suka raya ta akwai Lady Oyinkan Abayomi ta Legas, wadda ta shugabanci ƙungiyar a ƙasa, kuma ita ce ta kafa wata jam'iyyar mata a 1944 domin neman haƙƙinsu na ilimi da aiki. Ina ambaton wannan tarihi ne saboda abu ɗaya da yake burge ni a cikinsa, wato ba wani ne ya zauna ya tsara wa mata wannan ƙungiya don tausayi ba, yaran ne da kansu suka je suka nema.

Abin da yake koyar da shugabancin

Hajiya, ba fareti ne yake koyar da shugabanci ba, ba kuma laccar da malama za ta tsaya ta yi a kan halayen shugaba na gari ba. Abin da yake yin aikin shi ne tsarin ƙaramin rukuni, wanda muke kira faturol. Ana kasa yara shida zuwa takwas a rukuni ɗaya, su zaɓi shugabarsu, ita kuma ta samu mataimakiya. Wannan shugaba tsararsu ce, ba ta da bulala, ba ta da ikon sa kowa tsallen kwaɗo, kuma idan ta ɓata musu rai gobe za su iya ƙin sake zaɓenta. Duk abin da take so a yi, sai ta shawo kansu da magana da adalci wajen rabon aiki da kuma fara sa hannunta kafin ta ce wata ta sa. Sannan shugabannin rukunonin nan suna da majalisarsu, inda suke zama da malamar da ke kula da reshe su tsara abin da za a yi a zangon karatu, su kawo ƙorafin 'yan rukuninsu, su yanke shawara. A tsarin asali malama a wannan zama mai ba da shawara ce, ba mai yanke hukunci ba.

Ki kwatanta wannan da tsarin firifet da muka sani a makarantun kwana. Hukumar makaranta ce take naɗa firifet, ƙarfinta daga sama yake zuwa, kuma ƙanana suna bin ta ne don tsoron horo. Yarinyar da ta riƙe firifet tana koyon ba da umarni, amma ba lallai ta koyi sauraro ba, tunda ba ta buƙatarsa. Shugabar faturol kuwa dole ta koyi sauraro, in ba haka ba a bar ta ita kaɗai da tanti a hannu.

Akwai wani abu game da 'ya'yanmu mata da na daɗe ina lura da shi. Yarinya Bahaushiya mai shekara 12 ba baƙuwar ɗaukar nauyi ba ce. Tana goyon ƙanne, tana ɗora tukunya, tana wanke-wanke da shara, wata ma tana riƙe cinikin mahaifiyarta ta kawo lissafi ba ko sisi da ya ɓace. Ta wannan fuska ta fi tsaranta namiji nesa ba kusa ba. Abin da ba a cika ba ta ba shi ne damar yanke shawara. Ana ce mata ta dafa, amma ba a tambayarta me za a dafa, nawa za a kashe, wa zai yi wane aiki, kuma idan abu ya lalace faɗa ake yi mata, ba a zaunar da ita a tambaye ta yadda take ganin za a gyara. Ta saba da aiki, ba ta saba da a ce ra'ayinta ne za a bi, kuma sakamakonsa a wuyanta yake ba. Wannan giɓi ne ƙungiyar take cikewa idan an tafiyar da ita yadda ya kamata, kuma shi ya sa nake ganin 'ya'yanmu suna saurin kama abin, domin rabin horon sun riga sun zo da shi daga gida.

Bari in ba ki misali da abin da ya faru a gabana. Wata shekara mun yi zangon kwana biyu a cikin harabar makaranta, bayan filin ƙwallo. Kowane rukuni an ba shi kuɗin abincinsa, aka ce su tsara abin da za su ci, su rubuta, su je kasuwa tare da wata malama wadda aka gargaɗe ta kada ta sa baki. Shugabar wani rukuni, yarinya mai shekara 13, ta kawo mini takardarsu in duba. Na ga shinkafa da wake da manja da tattasai da albasa, har da biskit da lemon kwalba, amma ban ga gishiri ba, ban ga ashana ba, kuma kuɗin icen da suka ware ba zai kai su dare na biyu ba. Bakina ya yi ta ƙaiƙayi, amma na miƙa mata takardar na ce, "Kin tabbata kun gama dubawa?" Ta ce sun gama. Da magariba sauran rukunoni suna ci, su suna zagaye da murhu ba wuta, har sai da ɗaya daga cikinsu ta je ta roƙo garwashi a rukunin maƙwabta, suka yi musayar lemo biyu da gishiri cikin murfin kwalba. Washegari icensu ya ƙare kafin la'asar, suka bi bayan ɗakunan kwana suna tsintar ƙirare.

A zaman majalisa na bayan zango, da farko shugabar ta ɗora laifin a kan mataimakiyarta, ta ce ita ce ta rubuta takardar. Ban ce komai ba. Wata shugabar rukuni ce ta tambaye ta, "To wa ya sa hannu a ƙasa?" Yarinyar ta yi shiru, idonta ya kawo ruwa, sannan ta ce ita ce. A zango na gaba rukuninta ne kaɗai ya zo da ashana a ƙulle cikin leda saboda damina, kuma ita ce ta tsaya ta karanta wa sababbin shiga jerin kayan da ba a mantawa. Da na gyara mata takardar nan tun farko, da sun ci abincinsu a kan lokaci, da kuma ba ta koyi komai ba. Taken ƙungiyar a duk duniya shi ne a zauna cikin shiri, abin da mu muke cewa ba a fafe gora ranar tafiya, amma yaro ba ya gane wannan da baki sai ranar da ya tashi tafiya ya tarar gorarsa ba a fafe ba.

Sauran abubuwan da ake koyarwa, kamar agajin gaggawa, ɗaure-ɗauren igiya, kafa tanti, karanta taswira, tsaftar muhalli da sana'ar hannu, suna da amfaninsu, kuma kowanne yana da bajon da ake liƙa wa yarinya idan ta ci gwajinsa. Sai dai a wajena babban amfanin bajo shi ne wadda ta samu ita ce take koya wa ta bayanta. Yarinyar da ba ta iya ɗaga hannu a aji, idan ta ƙware a naɗa bandeji aka ce ta nuna wa yara biyar, za ta yi magana, domin ta san abin da take faɗa kuma masu sauraronta ba su da yawa. Saboda haka kunyar 'yarki ba ta dame ni ba. A abin da na gani, masu kunya sukan fi masu surutu riƙe rukuni, saboda suna lura da wadda aka bari a baya, kuma yara suna ganin haka ranar zaɓe.

Hujja da iyakarta

Za ki ji ana cewa manyan mata da yawa sun bi ta wannan hanya, kuma gaskiya ne. Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta shiga Girl Guides a 1937, kuma Hillary Clinton ta yi sikawut tana yarinya. Amma ni ban cika kafa hujja da wannan ba. Elizabeth gadon sarauta ta yi, ba bajo ne ya ba ta ba, kuma a ko'ina iyalan da suke iya sa 'ya'yansu a irin waɗannan ƙungiyoyi galibi su ne masu hali da ilimi, waɗanda 'ya'yansu dama suna da hanyar ci gaba. Binciken da ya fi gamsar da ni shi ne wanda masana daga jami'o'in Edinburgh da Glasgow suka wallafa a 2016. Sun duba bayanan mutane kusan 10,000 da aka haifa a Birtaniya a 1958, suka gano cewa waɗanda suka yi sikawut ko Girl Guides suna yara sun fi sauran ƙarancin fama da ciwon damuwa da fargaba a shekara 50, da kimanin kashi 15 cikin 100, kuma amfanin ya fi bayyana ga 'ya'yan talakawa. Sai dai ki lura cewa lafiyar zuciya aka auna a nan, ba shugabanci ba, kuma a Birtaniya aka yi shi, ba a Zariya ba. Abin da nake gaya miki game da shugabanci ya dogara ne a kan yadda tsarin yake aiki da kuma abin da idona ya gani a makarantun da na koyar, waɗanda duk na cikin gari ne.

Damuwar mahaifinta

Cewa abin na Turawa ne, ba musu. Baden-Powell sojan mulkin mallaka ne, har yana cikin rundunar da Ingila ta tura Kumasi, a ƙasar Gana ta yau, a kan masarautar Asante a 1895 zuwa 1896. Amma kowace ƙasa ta ɗauki tsarin ta daidaita shi da addininta da al'adarta. Indunusiya, wadda ta fi kowace ƙasa yawan Musulmi, tana cikin waɗanda suka fi yawan 'yan sikawut a duniya, maza da mata, kuma duk wanda ya sauke farali ya ga 'yan sikawut na Saudiyya a Mina da Arfa suna nuna wa alhazan da suka ɓata hanya. Alkawarin da yarinya take ɗauka ranar shigarta shi ne za ta yi iyakar ƙoƙarinta wajen sauke haƙƙin Allah da na ƙasarta, ta taimaki mutane, ta kiyaye dokokin ƙungiya, waɗanda suka ƙunshi gaskiya da riƙon amana da ladabi da tattali. A rassan da na riƙe, yara suna sa hijabi da dogon siket ko wando a kan yunifom, ana tsayar da komai idan lokacin salla ya yi, kuma ƙungiyar ta mata ce zalla, shugabanninta ma mata.

Ki kuma tuna wa Alhaji cewa horar da mata su jagoranci mata a ƙananan rukunoni ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta kafa tsarin 'yan taru, inda take zaɓen mace mai hankali daga ƙauye ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan rawani a matsayin alamar muƙami. Jaji ita ce take jagorantar matan garinsu zuwa wajen Nana su ɗauki karatu, ta komo da su lafiya, sannan ta ci gaba da koyar da waɗanda ba su samu zuwa ba. Ba ina cewa abu ɗaya ne da Girl Guides ba, domin manufar 'yan taru ilimin addini ce, amma dabarar ɗora wa mace amanar 'yan'uwanta da ba ta alamar da kowa zai gane, mun riga Brownsea da shekaru masu yawa.

Maganar fitsara kuwa, ina ganin ana haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Kunya ta gari ita ce wadda take hana yarinya rashin ladabi da abin kunya, kuma wannan ba wanda yake son a taɓa ta. Akwai kuma tsoro da yake sanye da rigar kunya, wanda yake hana yarinya faɗa wa likita inda yake mata ciwo, ko faɗa wa uwarta cewa wani babba yana yi mata maganar da ba ta dace ba. Wannan na biyun ne muke so ya ragu. Ba zan ɓoye miki ba, za ki ga canji a gida: za ta fara tambayar dalili, za ta fara kawo shawara a kan abin da ba a tambaye ta ba, wani lokaci ma ta wuce gona da iri kamar yadda duk mai koyo yake yi. A nan aikin naku ne ku nuna mata yadda ake faɗin ra'ayi a gaban manya cikin ladabi, ba ku rufe mata baki gaba ɗaya ba.

Inda na fi ba mahaifinta gaskiya shi ne abin da bai ambata ba, wato tsaro. Bayan sace 'yan mata 276 a Chibok a 2014, da 110 a Dapchi a 2018, da abin da ya faru a Jangebe a 2021, ba uban da za a zarga idan ya ƙi barin 'yarsa ta kwana a daji. Ni kaina a shekaruna na ƙarshe ban yarda da zango a wajen katangar makaranta ba, kuma ban ga abin da yaran suka rasa ba, tunda darasin gishiri da ashana bai buƙaci daji. Akwai kuma tsaro daga mutanen ciki. Ƙungiyar sikawut ta maza ta Amurka ta shiga kotu a 2020 tana neman kariyar da ake ba ƙungiyar da ta karye ta fuskar kuɗi, saboda ƙararrakin cin zarafin yara, kuma waɗanda suka shigar da ƙorafi sun haura 80,000. Wannan a wata ƙasa ne kuma a ƙungiyar maza, amma ya isa ya nuna cewa suna mai kyau da yunifom ba sa maye gurbin sa ido. Ƙa'idar da na riƙe ita ce babba ɗaya ba ya keɓewa da yarinya ɗaya, duk fita sai da malamai mata aƙalla biyu da rubutaccen izinin iyaye, kuma uwa tana da damar zuwa ta gani ko da ba ta sanar ba.

Abin da za ki yi kafin ki sa hannu

Ki je makarantar ranar da suke taro, ki zauna a gefe na awa ɗaya. Abin da za ki duba shi ne wa yake magana. Idan kin ga malama ce take ta ba da umarni daga farko har ƙarshe, yara suna jere suna ƙamewa da sara mata, to reshen fareti ne, kuma Alhaji ya yi gaskiya a kan kuɗin yunifom. Idan kuwa kin ga yara sun rarrabu gungu-gungu a ƙarƙashin itatuwa, ana ɗan hayaniya da gardama, wata yarinya tana riƙe da littafin rajista tana kiran suna, malama kuma tana zagayawa hannunta a baya, to wannan shi ne abin da ake nema, ko da ya yi miki kama da rashin tsari. Ki tambayi malamar yadda ake samun shugabar faturol, zaɓe ne ko naɗi, da kuma ko ana sauyawa domin kowa ta ɗanɗana. Ki tambaye ta ko ta samu horo daga ƙungiyar, ko kuwa an ɗora mata ne don ba wanda ya karɓa. Ki tambayi jimillar abin da za a kashe a shekara tun yanzu, kuma ki nemi yunifom na wadda ta gama, domin ba dole ne sai sabo ba.

Idan reshen makarantar bai gamsar da ke ba, ko mahaifinta ya tsaya a kan bakansa, ba a rasa wata hanya ba. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta makaranta, ƙungiyar muhawara, ƙungiyar agaji ta Red Cross, ko ma Islamiyyar unguwa, kowace za ta iya yin wannan aiki idan ana barin yara su tsara abu da kansu su kuma ɗauki sakamakonsa. A gida ma za ki iya farawa a wannan makon: ki ba ta kuɗin cefanen ranar Asabar, ki ce ita za ta zaɓi abin da za a dafa, ta raba wa ƙannenta aiki, ta kawo miki lissafi da yamma. Idan kin hango ta manta wani abu, ki tambaye ta sau ɗaya ko ta gama dubawa, sannan ki yi shiru. Shawarata game da takardar kuwa ita ce ku je tare da Alhaji ku ga taron da idonku, in ya so ku ba ta izinin zangon karatu ɗaya, da sharaɗin ba kwana a waje, sannan ku sake zama da ita a ƙarshen zangon ku ji daga bakinta abin da aka ɗora mata da yadda ta yi da shi.